Ido ko mudu: hoton MRI da ya kamata a nema wa mai farfaɗiyar da ta ƙi jin magani

Takardar sakamakon hoton MRI na kan yaron layi huɗu ce, na ƙarshen ya ce ba a ga wata matsala a ƙwaƙwalwa ba. Yayata ta riƙe ta kamar wadda kotu ta wanke. "To alhamdu lillahi," ta ce, "ashe kansa lafiya lau." Yaron, ɗan shekara goma sha huɗu, ya ɗago ya dube ni. "Kawu, in lafiya lau ne, me ke kayar da ni?" A daren ranar ma sai da abin ya tashi sau biyu, yadda ya saba: yana cikin barci hannun dama ya sandare, kai ya karkace, kafin minti ɗaya ya sake shi. Shekara uku ke nan yana shan maganin farfaɗiya na Tegretol, an ƙara masa Keppra, kuma uwarsa ba ta taɓa bari ya yi fashi ba.

Tambayar yaron ce ta sa na yi ta bin maganar, har na gane abin da ba a cika gaya mana ba. Idan takarda ta ce ba a ga komai ba, ba ta ce babu komai ba. Cewa ta yi wannan na'urar, da irin yankan da aka yi ranar, da idon da ya duba, ba su gani ba. Ukun nan kowanne ana iya sauya shi, kowanne kuma da nauyin aljihunsa, kuma mutanenmu sun fi saurin zuba kuɗi a kan wanda ya fi tsada alhali ba shi ne ya fi amfani ba.

Amma kafin a kai ga zaɓi, maganar ba ta kowane mai farfaɗiya ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ciwon sun kai kusan miliyan 50, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace suna sha a kan ƙa'ida. A wurarenmu babbar matsalar ba ta hoto ba ce. Kuɗin magani ne ke yankewa, ko a sayo jabu, ko a kwashe shekaru ana turare da rubutu saboda an ce iska ce. Wanda ya sha yau ya bari gobe, ciwonsa bai ƙi jin magani ba, maganin ne bai same shi ba. Ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai yaƙi da farfaɗiya, ILAE, ta ja layin tun 2010: sai an gwada magani biyu da suka dace da irin ciwon, an sha su yadda aka ce, amma faɗuwar ba ta tsaya ba. Kusan mutum ɗaya cikin uku ne ke faɗawa nan. Sannan sai ciwon ya zama mai tasowa daga wuri ɗaya. Yarinyar da kan yi tsai ta ƙura ido daƙiƙa goma ta ci gaba da wasanta, gwajin EEG mai auna wutar ƙwaƙwalwa kuma ya nuna wutar na tashi ko'ina lokaci guda, babu wani tabo da za a je nema a kanta ko da na'urar wace ƙasa ce.

Dalilin neman tabon kuwa ɗaya ne: tiyata. A 2001 aka fitar da wani gwaji da aka yi a Kanada kan mutum 80, an yi wa rabi aiki, rabi suka ci gaba da magani. Bayan shekara guda, kashi 58 na waɗanda aka yi wa aiki sun rabu da faɗuwar da ke gusar da hankali, a ɗaya ɓangaren kashi 8 kacal. A 2017 asibitin AIIMS na Delhi ya yi makamancinsa kan yara 116, aka samu kashi 77 da kashi 7. Kuma da aka tattara nazarce-nazarce da yawa a 2010, an ga damar rabuwa da ciwon bayan aiki ta ninka wajen sau biyu da rabi idan akwai tabon da aka gano. Likitan tiyata taswira yake so. A ganina, iyalin da suka riga suka yanke cewa ba za a taɓa kan ɗansu ba, ko waɗanda ba su da hanyar kaiwa inda ake aikin, su tsaya a hoto mai kyau guda ɗaya don a tabbatar ba ƙari ba ne, sauran kuɗin su sa shi a magani. Wanda ba zai gina rijiya ba, me zai yi da mai duban ruwa?

Abin da ke ɓuya

Yawancin tabon da ciwukanmu ke bari manya ne. Wanda sankarau ya bari, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau ƙwaƙwalwa, ko doguwar naƙuda, ko faɗuwa daga kan babur ba hular kwano, ko shanyewar ɓarin jiki a yaro mai sikila, ko dunƙulen tarin fuka, waɗannan MRI na yau da kullum kan gan su, wasu ma CT ya isa. Masu ɓuyan biyu ne.

Na farko a hipokamfas yake, wani ɗan sashe mai lanƙwasa, bai fi ɗan yatsa ba, ɗaya a dama ɗaya a hagu, can cikin ƙwaƙwalwa daidai saitin kunne. Shi ke riƙe sabon abin da mutum ya koya. Idan ƙwayoyinsa suka mutu sai ya ƙanƙance ya yi tauri. Mai irin wannan sau da yawa yakan ji wani abu ya taso masa daga ciki zuwa ƙirji, ko tsoro ya kama shi haka kawai, sai ya yi shiru yana motsa baki yana shafa riga, bai san abin da ake ciki ba. Na biyu kuskuren gini ne a ɓawon ƙwaƙwalwa tun yaro na ciki, likitoci na taƙaita sunansa da FCD, an fara bayyana shi a 1971. Kamar masaƙi ne ya harɗe zare a wuri ɗaya a cikin babban gwado. Ɓawon ya ɗan fi kauri a wurin, iyakar da ke tsakanin sashe mai ruwan toka da farin sashe ta dushe kamar rinin da ya malala. Wani lokaci wurin bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ga shi ya maƙale a ƙasan wani kwari cikin naɗe-naɗen ƙwaƙwalwa. A 2017 aka duba naman da aka cire daga mutum 9,523 a cibiyoyin Turai: kashi 36 ƙanƙancewar hipokamfas ne, wajen 24 ƙari, wajen 20 kuskuren gini, kuma a yara kuskuren ginin ne kan gaba. Wani adadi a wannan nazarin ya fi tsaya min a rai: manyan cikinsu sun yi matsakaicin shekara 20 da ciwon kafin a yi musu aiki. A Turai ke nan.

Bahaushe ya ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Bambancin MRI na yau da kullum da MRI mai awo ke nan. Hoton da aka saba, fari ne da baƙi da toka-toka, kuma hasken ba shi da ma'auni. Likita na kwatanta nan da can, dama da hagu, ya ce wannan ya fi wancan haske. Uwa ce ta ɗora hannu a goshin ɗanta ta ce jikinsa da zafi. Mai awo kuwa ma'aunin zafi ne aka sa a hamata: yana ba da lamba, girman hipokamfas kaza, kaurin ɓawo milimita kaza, lokacin da siginar nama ke ɗauka kafin ta dushe milisakan kaza, sai a gwada lambar da ta masu lafiya. Hannun uwa ba wasa ba ne, kuma ma'auni na iya lalacewa. Wannan ne ya sa zaɓin ba mai sauƙi ba ne.

Sake hoton, amma a yanka shi daidai

Zaɓin da ya fi kowanne arha shi ne ya fi kowanne kama tabo, kuma shi aka fi tsallakewa. A 2002 cibiyar farfaɗiya ta Bonn a Jamus ta bi takardun mutum 123 da aka yi wa aiki. Hoton gama-gari da likitan da ba fanninsa ba ne ya karanta ya kama kashi 39 na tabon. Da ƙwararre ya karanta waɗannan hotunan dai, ya kai 50. Da aka sake ɗauka bisa tsarin farfaɗiya, ƙwararre ya karanta, sai ga kashi 91. Babu manhaja a ciki, babu wata na'urar ban mamaki.

Sirrin a kaurin yanka yake. Hoton kai na gama-gari akan yanka shi milimita biyar-biyar, har da ɗan giɓi a tsakani, domin shanyewar jiki ko ƙari ake nema. Tabo mai milimita huɗu sai ya faɗa tsakanin yanka biyu, ko ya gauraye da naman da ke kewaye da shi ya ɓace. A 2019 ILAE ta fitar da tsarin da ake kira HARNESS, hotuna iri uku ne ginshiƙinsa, kowanne da yadda yake haska nama: T1 na kai gaba ɗaya da ƙwayar hoto milimita ɗaya ta kowace fuska, FLAIR shi ma haka, sai T2 mai kaifi da ake yankawa a gicciye da tsawon hipokamfas, kauri milimita biyu. Idan ana zargin ƙari ko ƙwayar cuta a ƙara wanda ake yi da allura, idan ana zargin tsohon jini ko wurin da ya daskare ya zama kamar tsakuwa a ƙara SWI. An tsara shi don ya yiwu a na'ura mai ƙarfin Tesla 1.5 da mai Tesla 3, Tesla kuwa ma'aunin ƙarfin maganaɗisun na'urar ne.

Nan ne halin da muke ciki ya shigo. Wani ƙidaya da aka buga a 2018 ya samu na'urar MRI 84 a Afirka ta Yamma, 58 a Nijeriya, kuma mafi yawan na Nijeriyar masu raunin maganaɗisu ne, ƙasa da Tesla ɗaya nesa ba kusa ba. An samu ƙari tun lokacin, amma irin waɗancan na nan suna aiki. Suna da amfaninsu ga ciwon baya da manyan abubuwa. Ga neman FCD kuwa, takardarsu ta "ba a ga komai ba" ba ta da nauyi. Hoton yaron yayata na farko a irinsu aka ɗauka, an ba mu shi a leda guda biyu, muna ɗagawa saitin taga. Tambayar farko ke nan a bakin kanta, tun kafin a biya: Tesla nawa ce na'urarku, kuma kuna yin tsarin farfaɗiya?

Tsakanin 1.5 da 3, ta 3 ta fi, ba gardama, musamman wajen kuskuren gini. Sai dai girman fifikon ya danganta da inda aka taso. Wani nazari a Boston a 2005 ya samu sabon tabo a mutum 15 cikin 23 da hotonsu na 1.5 bai nuna komai ba, amma can ma na'ura da mai karatu aka sauya lokaci ɗaya. A Landan, inda hoton farkon ma ƙwararru ne suka yi shi, maimaitawa a Tesla 3 kan mutum sama da 800 wajen kashi 5 kawai ya ƙara na abin da ya shafi ciwon. Idan aka ba ni zaɓi tsakanin 1.5 da tsarin HARNESS da mai karatun da ya saba da farfaɗiya, da kuma Tesla 3 da yankan gama-gari da likitan da ke duba gwiwa da hanta da kai duk a wuni ɗaya, na farkon zan ɗauka ban yi shawara da kowa ba.

Auna hipokamfas

Wannan shi ne tsohon awo, tun farkon shekarun 1990 ake yinsa, kuma shi ya fi zama da gindinsa. Iri biyu ne. Awon girma: a zagaye hipokamfas yanka bayan yanka a lissafa, da can da hannu, yanzu manhajoji irin su FreeSurfer na yi daga hoton T1 ɗin nan na HARNESS, ba sai an sake shiga na'ura ba. Sai awon T2, wato lokacin da siginar nama ke ɗauka kafin ta dushe, wanda shi yana buƙatar a ƙara 'yan mintoci a cikin na'urar. Naman da ƙwayoyinsa suka mutu tabo ya maye gurbinsu yakan riƙe ruwa, lambar T2 ɗinsa ta hau.

Inda awon ya fi ido shi ne inda ido ba shi da abin kwatantawa. Likita na gane hagu ya ƙanƙance ne saboda dama na nan da girmansa. To idan duka biyun suka ƙanƙance tare fa? Sai su yi masa kama da lafiyayyu, alhali wannan ne labarin da likitan tiyata ya fi buƙatar ji, domin cire guda ɗaya a bar wa mutum lalatacce na iya raba shi da riƙe sabon abu. Masu bincike a Campinas ta Brazil sun nuna a 2014 cewa haɗa awon girma da na T2 ya tono alamar ciwo a kashi 28 na waɗanda ido ya wanke a Tesla 3. Ga mai irin faɗuwar nan ta tasowar ciki da motsa baki, wanda EEG ya nuna saitin kunne, wannan ne awon da zan fara nema.

Aibinsa shi ne lamba ba ta da ma'ana sai da abin gwadawa. Lambar T2 na sauyawa daga na'ura zuwa na'ura, don haka kowace cibiya sai ta auna nata masu lafiyar. Rahoton girma da manhaja ke fitarwa mai launi-launi kuma, sau da yawa da kawunan mutanen Turai da Amurka aka gina mizaninsa. Bambancin dama da hagu a kai ɗaya ya fi abin dogaro a kan cewa wai mutum ya faɗo ƙasa da mizani. Kuma lallai wani ya buɗe ya ga ko manhajar ta zagaye wurin daidai, don takan haɗa da naman maƙwabta.

Manhajojin farautar kuskuren gini

Nan ne aka fi samun ci gaba a 'yan shekarun nan, nan ne kuma aka fi samun zuzutawa. Dukkansu daga hotunan da aka riga aka ɗauka suke aiki, abin da ya sa suka fi dacewa da mu: faifan hoton ne ke tafiya, ba mara lafiya ba.

Tsohuwar cikinsu MAP ce, ta Hans-Jürgen Huppertz na cibiyar farfaɗiya ta Zurich. Tana ɗaukar hoton T1 ta gwada kowace ƙwaya da ta masu lafiya, ta fitar da taswirar inda iyakar toka da fari ta dushe, da inda toka ya kutsa cikin fari, da inda ɓawo ya yi kauri. Ba ta cewa ga ciwo. Haska wuri take yi, likita ya koma ainihin hoton ya sake dubawa. A Cleveland Clinic, cikin mutum 150 da hotonsu ya fito ba komai aka kuma yi musu aiki, ta nuna wuri a kashi 43, kuma waɗanda aka cire musu wurin gaba ɗaya sun fi samun sauƙi.

Sabbin na ƙirƙirarriyar basira ne. Aikin MELD, wanda Sophie Adler da Konrad Wagstyl suka jagoranta daga Landan, ya tara hotunan mutum 1,015 daga cibiyoyi 22 ya koya wa kwamfuta kamannin FCD, aka buga sakamakon a 2022. Ta kama wajen biyu cikin uku na tabon. Amma ga ɗaya gefen da ba a cika faɗa ba: a kusan rabin masu lafiya ma ta nuna wani wuri. Wata ta Montreal da aka bayyana a 2021 ta kama kashi 93, tana kuma nuna matsakaicin wuri shida na ƙarya a kowane kai. Sabon zubin MELD na 2025 ya rage wannan surutun sosai, ya kuma kama kashi 64 na tabon da likitocin hoto suka taɓa tsallakewa. Kyauta ake sauke ta, amma kayan bincike ce, kuma tana buƙatar kwamfuta mai ƙarfi, wutar da ba za ta ɗauke a tsakiyar aikin sa'o'i ba, da wanda ya iya sarrafa ta.

Abu biyu nake so a riƙe game da waɗannan alƙaluma. An same su ne daga mutanen da aka riga aka san inda tabonsu yake, yawanci an ma yi musu aiki, wato jarrabawa ce da malami ke riƙe da amsa. A kan sabon mara lafiya da babu wanda ya san komai, kada a sa ran za ta yi ƙoƙari haka. Na biyu, motsi kaɗan a cikin na'ura na dusar da iyakar toka da fari, daidai alamar da manhajar ke nema, sai ta cika hoton da jan tabo. Yaron da ba zai iya kwanciya shiru ba gara a ba shi maganin barci a hannun likitan da ya san aikin. 'Yan ƙasa da shekara biyu kuwa, farin sashen nasu bai gama nuna ba, launukan a juye suke, manhajojin ba don su aka gina su ba, kuma hoton da aka yi a wannan shekarun akan so a maimaita shi daga baya.

Tsakanin MAP da MELD ba zan ce a yi doguwar muhawara ba. Wadda cibiyar ta saba da ita, tana kuma da likitan da zai tace abin da ta nuna, ita ce mai kyau. Manhaja a hannun wanda zai buga jan tabon ya miƙa wa iyali ya ce ga ciwon, ta fi rashin manhaja haɗari.

Masu tsada da masu nisa

Akwai awon da ke ba kowace ƙwayar hoto lambarta ta T1 da T2 a kai gaba ɗaya. Wanda ya fi jan hankali shi ne na zanen yatsa, da aka ƙirƙiro a jami'ar Case Western Reserve ta Cleveland aka bayyana a 2013. Na'urar na ta sauya yadda take bugun nama sau ɗaruruwa, kowane irin nama ya mayar da amsa tasa ta daban, kwamfuta ta nemo amsar cikin wani kundi da ta riga ta lissafa, kamar yadda na'urar zaɓe ke tantance yatsan mai dangwala. A minti goma da 'yan kai an samu taswirori da yawa da suka hau kan juna daidai. Dabara ce mai kyau, kuma ta nuna wuraren da hoton gama-gari ya rasa, amma a rukunin mutane kaɗan-kaɗan, a cibiyoyin bincike. Haka awon yadda ruwa ke ratsa nama, irin su DTI: yakan nuna sauyi mai faɗi fiye da tabon, don haka bai cika nuna inda za a yanka ba. Amfaninsa na gaske shi ne zana hanyar jijiyar gani da ta motsi don likita ya kauce musu. Idan aka yi wa mutum tayin waɗannan kyauta cikin wani bincike, ya karɓa. Sayar da gona dominsu, a'a.

Tesla 7 ita ce ta ƙarshe a layi. Hukumar FDA ta Amurka, mai kula da magunguna da kayan asibiti, ta amince da ta farko don marasa lafiya a 2017, ga mai nauyin da ya wuce kilo 30. Wani bita na 2021 ya samu cewa tana tono sabon abu a wajen kashi 31 na waɗanda ƙananan na'urori suka rasa. Tana da aibi uku a jikinta: siginar kan dushe a ƙasan ƙwaƙwalwa da saitin kunne, daidai inda farfaɗiya ta fi zama, sannan tana sa jiri, kuma masu ƙarfe a jiki da yawa ba sa shiga. A 2025 masu bincike a Cambridge suka gwada wata hanyar aika sigina ta kafofi da yawa da ke gyara dushewar, suka samu sabon tabo a mutum 9 cikin 31, suka kuma wanke wasu huɗu daga abin da ake zargi. Ga mutumin Kano ko Maraɗi dai magana ce ta biza da jirgi, kuma ko a can sai wanda komai ya gaza a kansa ake turawa.

Kafin ita ma akwai abokin takara da ba MRI ba ne: PET, mai nuna inda ƙwaƙwalwa ke ƙarancin cin sukari tsakanin faɗuwa da faɗuwa. Idan aka ɗora shi a kan hoton T1, sau da yawa shi ke cewa a sake duba wannan kwarin. Wanda ya riga ya je Indiya ko Masar, hoton HARNESS da manhaja ba su ba da amsa ba, PET ne matakin da cibiyoyi suka fi ɗauka, ba zanen yatsa ba. In shi ma bai warware ba, sai a sa siraran wayoyi cikin ƙwaƙwalwa a saurari wutar daga tushe.

Duk awon nan babu wanda ke ganin farfaɗiya. Nama yake gani. Wuri na iya zama da tabo kuma ba shi ke tayar da ciwon ba. Abin da ke ba tabo ma'ana shi ne ya dace da yadda faɗuwar ke farawa da abin da EEG ya ɗauka. Saboda haka bidiyon da aka ɗauka da waya lokacin da abin ya tashi, daga farkonsa, fuska da hannaye a bayyane, ya fi wasu gwaje-gwajen dubban naira daraja. Likitan da ya ga hannun dama ne ke fara sandarewa cikin barci ya san ya karkata idonsa sashen goshi na hagu, ya rage wa kansa rabin ƙwaƙwalwa.

Mu abin da muka yi ke nan. Muka ɗauki bidiyo uku a mako biyu, likitan ƙwaƙwalwa ya rubuta a takardar neman hoto da hannunsa cewa ana zargin goshin hagu, a yi tsarin farfaɗiya. Muka yi tafiyar sa'a huɗu zuwa inda ke da Tesla 1.5. Ma'aikacin ya toshe wa yaron kunne, ya tallafe kansa da soso ta gefe biyu, ya ce, "Ƙanena, za ka ji kamar ana daka a kanka. Ko ƙaiƙayi ka ji, ka bari sai na ce." Ya yi kusan minti arba'in a ciki, sau ɗaya aka maimaita wani yanki don ya haɗiyi yawu da ƙarfi. Da muka fito na ce ba leda muke so ba, faifai muke so mai ainihin fayilolin DICOM, wato hotunan yadda na'ura ta fitar da su, duka, ba zaɓaɓɓu ba. Sai da aka ɗan ja, aka ba mu. Leda da hoton da aka ɗauka da waya aka tura ta WhatsApp babu manhajar da za ta iya aiki da su, kuma babu ƙwararren da zai yarda ya yanke hukunci a kansu.

Wanda ya karanta faifan daga nesa ya ga wani siririn haske a FLAIR, ya taso daga ƙasan wani kwari a goshin hagu ya yi ciki yana tsukewa kamar wutsiya. Manhaja ta nuna wuri uku, ɗaya ya faɗa daidai nan, biyun ya ce ba komai ba ne. Yayata ta ce, "Likita, ke nan an gani?" Ya ce, "Hajiya, an ga inda za a duba. Sai mun kwantar da shi kwana biyar da wayoyi a ka da kyamara, mu rage maganin, mu ga ko daga nan take tashi." An sa mu a layi bayan Sallah. Faifan na kwafe shi uku, ɗaya na wurina, ɗaya na wurin likita, na ukun ta naɗe shi a ɗankwali ta sa a akwatin da take ajiye takardun gida.